Shirun da ke Cikin Waƙar Gamaliel Kambai

Gamaliel Kambai mutumin Kagoro ne, ma'aikacin gidan kula da tsofaffi a unguwar Ardwick ta Manchester. Shekara tara yana koyar da mawaƙan ikilisiyar Hausa ta Manchester a wani zauren unguwa, har shekarar 2012 da ƙaramar hukuma ta tsuke bakin aljihu, ta rufe zauren. A shekarar ce kuma neman aiki ya kai mazan ƙungiyar su biyar Birmingham. Aka bar shi da mata goma sha ɗaya da tulun kiɗa guda.

An riga an ɗora masa tsara sabuwar waƙa domin taron Ista, ya kuma san idan ya gaza, ƙungiyar za ta watse. Sai ya koma koyarwa ta waya: mata a falonsa, maza a ɗakin Tomas, babbansu, a unguwar Small Heath ta Birmingham. Amma murya tana makara a hanya, duk baitin da aka haɗa baki sai ya rikice. Bayan mako uku ya yaga abin da ya rubuta, ya tsara "Daga Nesa Muke Kira": mata su kira, su dakata, maza su amsa.

Bai ɗauki dakatawar nan gwaninta ba. A wurinsa aibi ne da larura ta jawo, kuma idan larura ta kau, wajibi ne a gyara.

Ranar Asabar kafin Ista suka haɗu a wuri ɗaya. Ya ce wa maza, "Yau babu waya a tsakani. Ku shigo kan bugun tulu, kada ku jira."

Sau huɗu ana gwadawa, sau huɗu maza suna jira.

Rhoda mai buga tulu ta ce, "Malam, a gida ma haka suke, sai ka kira ka jira. Yau ɗaya za su sake hali?"

Tomas ya ce, "Mama Rhoda, ai network ne."

Ta ce, "Network ɗin a jininka yake."

Gamaliel bai yi dariya ba. Ya auna: ko a rera da aibin, ko a fasa. Ran Lahadi aka rera. Da aka zo wurin shirun, jama'a suka sunkuyar da kai, suna zaton an bar shi ne domin addu'a.

Haka ake rera ta har yau, masu wa'azi suna fassara shirun da jiran Ubangiji. Sau biyu Gamaliel ya tashi ya faɗi asalinsa, ba wanda ya so ji. Ƙungiyar dai ba ta watse ba.