Kyandir na Tara

Duk wanda ya taɓa jiran bas a tashar unguwarmu, can gefen birnin Chihuahua, ya san tukunyar Hermelinda Porras ko da bai san sunanta ba. Tun tana budurwa take sayar da tamale a wurin, ƙullun masara da naman alade da jan barkono a naɗe cikin ɓawon masara, har yatsunta suka daina jin zafin tururi. Gajera ce mai faɗin kafaɗa, ba ta da yawan dariya.

Daga uwarta ta gaji Waliyiya Rita, kamar yadda ta gaji tukunyar. Hoton waliyiyar na rataye a kicin, da ɗan tabon ƙaya a goshi, hayaƙi ya rine shi. Matanmu na ji da Rita don ita ce ta masu matsalar da ta gagara, kuma ita ma ta zauna da mugun miji a can Italiya, ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Wannan darasin kam Hermelinda da jikinta ta haddace shi. Mijinta Anastasio direban motar shanu ne, in ya sha bai san nauyin hannunsa ba. Duk ranar da ta je zumuntar matan coci da kumburarren ido, sai uwar zumunta, Donya Otilia, ta riƙe hannunta ta ce Rita ma ta yi haƙuri. Shi kuwa Anastasio ba a taɓa nemo masa waliyyin da zai yi koyi da shi ba.

A wurin faɗan zakaru wani Nicanor Baeza ya daɓa wa Anastasio wuƙa, ya mutu. Hermelinda ta yi kuka na gaske, ta kuma ji kunyar irin barcin da ta riƙa samu bayan nan. Ɗanta tilo, Leobardo, bai yi kuka ba. Ya girma ya zama mai walda, shiru-shiru, har shekarar da aka sako Nicanor daga kurkuku. Yaro ya gan shi a kasuwa yana gwada takalmi yana dariya, ya dawo gida ya ƙi cin abinci. Ba a jima ba Hermelinda ta sa hannu cikin buhun ɓawon masara, ta taɓo ƙarfe mai sanyi. Bindiga ce.

Ta yi roƙo, ta yi zagi, ta durƙusa wa ɗanta. Ya tambaye ta ko ta manta wanda aka kashe. Ta ce ita ta wanke gawar, ta kuma fi shi sanin mutumin. Ya ɗauke bindigar ya canza mata maɓoya.

Sai watan Mayu ya kama, lokacin addu'ar kwana tara kafin idin waliyiyar. Kowace safiya mata na taruwa a coci, Donya Otilia na karanta musu darasi daga rayuwar Rita. Hermelinda ba ta taɓa kaiwa ƙarshen darasi ba, don tukunya na kan wuta, bas ɗin ma'aikata kuma ba ya jiran kowa. Amma ta tsinci abin da ya ishe ta: an kashe mijin Rita, 'ya'yanta biyu sun yi rantsuwar ramuwa, ta yi addu'a, ba su zubar da jinin kowa ba. Me ya rage? Ta sayi kyandir tara. Kullum ta kunna ɗaya, ta kafa gwiwa a siminti, ta faɗi magana guda da dukkan zuciyarta: a yi wa ɗanta abin da aka yi wa na Rita, ba ragi ba ƙari.

A rana ta takwas direbobi suka tafi yajin aiki, ba ciniki, sai ta zauna har ƙarshe. Donya Otilia ta gyara tabarau ta karanta cewa Rita ta roƙi Allah ya ɗauke 'ya'yanta da dai su zama masu kisa, kuma shekara ba ta zagayo ba cuta ta kwashe su duka biyun. Mata suka yi ajiyar zuciya suka ce amin. Hermelinda ta damƙi hannun aminiyarta Chayo, uwar baftismar Leobardo, ta tambaye ta ko ta ji daidai.

"Wai ba ki sani ba?" in ji Chayo. "Ke dai tukunyar nan ta cinye miki rabin addini." Da ta ga fuskarta, dariyar ta maƙale mata.

Da safen nan Leobardo ya yi tari. Tarin masu walda ne, ya daɗe da shi, amma Hermelinda ta bi titi da gudu har shagonsu, ta dafa goshinsa a gaban abokan aikinsa. Ya ture hannunta. Daga can ta wuce wurin Fada, limamin cocinsu. Ya saurare ta, ya ce Allah ba ɗan kasuwa ba ne da zai kama mutum da kuskuren baki, zuciya yake dubawa. Wannan ne ya ƙarasa ta. Don ranar da ta taɓo bindigar, tunani ya gifta mata sau ɗaya cewa gara ta binne shi da ta ga ya zama Nicanor. Ba wanda ya ji, amma ai an ce zuciya ake dubawa.

Ta koma kicin ta tsaya gaban hoton, ba durƙuso.

"Ke kin iya, ni ban iya ba," ta ce. "Biyu gare ki kika bayar. Ni ɗaya ne, kuma ba zan bayar ba. Na janye."

Washegari ba ta kunna kyandir na tara ba. Sai dai bindiga na nan inda aka ɓoye ta. Tun da wannan karon ta ji darasi har ƙarshe, ta tuna an ce daga baya Rita da ƙafarta ta shiga tsakanin dangin mijinta da na makasansa. Hermelinda ba ta iya sulhu ba, tukunya ta iya. Ta ɗora ta a baro, ta tura ta tsallake layin dogo, ta sauke a ƙofar gidan su Nicanor. Uwarsa, tsohuwa mai yanar ido, ta fito, ta ɗauka tsinuwa aka kawo mata. Hermelinda ta ce ɗanta zai zo kashe Nicanor, kuma in ya zo ita Hermelinda zai fara tararwa. Tsohuwa ta koma ciki ta kawo mata kujera.

Leobardo ya zo kuwa, wani yammaci, a motar shagonsu. Bai kashe injin ba.

"Mama, tashi daga nan."

"Sai dai ka tashe ni da abin da ka zo da shi, ɗana."

Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ja mota.

Shekaru sun shuɗe. Leobardo ya bar gidan, ba ya cin girkinta, in ya hango ta a hanya sai ya tsallaka. Ba wanda ya san ko ya rabu da bindigar, shi ya sa har yau tukunyar na ƙofar Baeza, a lungun da ba bas ba ma'aikata. Nicanor na wuce ta kai a sunkuye, ba ta taɓa amsa gaisuwarsa ba. Donya Otilia ta ce rabin darasi ta ɗauka, tun da ba ta yafe ba. Hermelinda ba ta musa ba.

Duk ranar idi takan kai furannin wardi a sa musu albarka, ta ba Chayo ta cusa wa Leobardo a aljihun riga. In Chayo ta dawo, tambaya ɗaya take yi mata, ko yana tari. Kyandir na taran kuwa na cikin durowar kicin, a naɗe da ɓawon masara. Ko an ɗauke wuta, gara ta zauna cikin duhu.