Murhuna da Rimot ɗin Mai Aski

'Yan uwa, yau wutar murhuna ta tashi da kanta!

Murhun nan mai fanka, mai cin curin ɓuntun shinkafa, iskarsa ta yi yawa. Jiya mai gyara ya sa masa na'urar fankar sola mai rimot, don in riƙa ragewa.

Ina suyar awara a rumfata ta bakin boda, kawai wuta ta yi sama har tana lasar zana. Na rage, ta ƙara tashi. Wani direban Maraɗi ya ce, "Hajiya, wannan sai ruƙiyya."

Sai na hango maƙwabcina Malam Idi mai aski yana ta danna nasa rimot ɗin, irin nawa sak, yana cewa, "Fankata ta ƙi gudu."

Na ce, "Malam, tawa kake korawa! Aje shi!"

Alhamdulillahi, awara kaɗai ta ƙone. Shi na sa ya cinye ta.