Tiyon da Bai San Hanya Ba

Duk wanda ya san Kawu Arzika a tashar Filinge ya san ba ya gaisawa da mutum da safe sai ya gaisa da motarsa. Zai ɗaga murfin tsohuwar bashe ɗin nan, akori-kura mai shuɗin fenti, ya bi tiyon ruwan inji ɗaya bayan ɗaya yana matsawa da yatsu, kamar uwa na taɓa goshin yaro. Wanda ya ji ya yi laushi sai ya ƙara masa ɗauri da tsiri na tsohon shambur, robar cikin taya. Sai ya gama sannan ya juyo ya amsa sallamar da ka yi masa tun ɗazu. Ni ɗiyar ƙanwarsa ce, a gidansa na tashi, kuma ban taɓa jin haushin a bar ni tsaye saboda roba ba sai da na girma.

Abin alfaharinsa a duniya ɗaya ne: tun da ya mallaki motar bai taɓa sayen sabon tiyo ba. In an tsokane shi sai ya ce tiyo ba shi mutuwa, gajiya shikai. Waɗanda suka fashe kuwa ba ya zubarwa. A jikin aduwar tsakar gida yake rataye su, kowanne da sunan inda ya ba shi kunya. Akwai Sanam, akwai Baleyara, akwai wani guntu da yake kira Ƙofar Gida domin ko titi ba a kai ba ya tsage. Daga nan yake yanko abin faci.

Wata rana Garba bakanike, abokin wasansa, ya gaji da ganin ɗaure-ɗauren nan ya kawo masa sabo fil kyauta. Kawu ya juya shi, ya shinshina, ya miƙa masa abinsa.

"Wanga bai san hanya ba, Garba. In ɗauki baƙo in ba shi amanar injina?"

Ranar kasuwar Baleyara kuwa ina cikin motar da kaina, mu da raguna da buhunan hatsi, sai tururi ya taso daga gaba. Kawu bai ko ɓata rai ba. Ya hana kowa taɓa murfin radiyata sai inji ya huce, ya hura gawayi ya ɗora shayi. Da ya gama faci sai ya bi fasinja yana karɓar ruwa, na jarka da na gora, har ya iso kan wani malami da ya ɓoye butarsa cikin riga. Malam ya ce ta alwala ce.

"Malam, kai an yarje maka taimama. Ita mota ba a yarje mata ba."

Malam ya miƙa buta yana dariya.

Dariyar ta ƙare mini lokacin da matarsa, Inna Hadiza, ta kwanta ciwo. Aka ce sai an riƙa kai ta asibitin Yamai a kai a kai, ga shi zafin bazara ya kankama, ita kuma ba ta iya jure zaman rana ko kaɗan. Ni ce mai raka ta. Na san in tiyo ya fashe tsakiyar daji, abin da muke wa dariya a hanyar kasuwa zai iya zama ajalinta. Na same shi gindin aduwa na roƙe shi ya canja tiyon duka, ko mu nemi wata mota. Ya ce matarsa ba ta shiga motar wani yana raye, kuma motarsa ba ta san sabo ba. Na faɗa masa maganganu masu zafi, na ce ya fi son sunansa a tasha da ran Inna. Ya ci gaba da yankan shambur ɗinsa.

Haka muka riƙa tafiya, raina a hannu, idona kan murfin mota ina jiran tururi. Ko sau ɗaya bai taso ba. Duk dawowa sai Kawu ya tsaya tasha ya buɗe murfi ya nuna wa direbobi ɗaurin baƙar robarsa, yana cika baki cewa faci ya kai Yamai ya komo. Ni kuwa in kau da kai.

Inna ta warke. Shi ne ya riga ta tafiya, bayan gajeren ciwo, da kaka ana cikin yankan gero.

Da za a sayar da motar, Garba ya zo dubawa, ya ce bari ya kwance tarkacen nan ya ga abin da ya rage. Ya sa wuƙa ya yanke ɗaurin farko, sai ya tsaya. Ƙarƙashin tsohon shambur tiyo ne mai kyau, na kanti, rubutun jikinsa ma bai goge ba. Ya yanke na biyu, haka. Duk Kawu ya canja su, har da maɗauran ƙarfensu, sannan ya naɗe su da tsumman roba kada a gani.

Na shiga na faɗa wa Inna. Ko mamaki ba ta yi ba. Ta ce tun kafin tafiyarmu ta fari, kafin ma in yi masa magana, ya je Baleyara ya sayo, inda 'yan tashar Filinge ba za su gani ba, ya ɓoyo su cikin buhun dusa.

"Ni na riƙe mishi shambur ɗin yana naɗi, ina kwance. Yac ce in na hwaɗi, ya mai da ni gidanmu."

Ta yi dariya har ta share ido da gefen zane. Ni kuka na yi, domin tiyon na nan cikin motar ranar da na ce masa bai damu da ita ba, kuma ya zaɓi ya sha maganata da ya tona kansa.

Garba ya nemi sabon tsiri ya mai da ɗaurin yadda ya same shi, ya ce shi bai ga komai ba. To, ni dai yau na faɗa, Kawu, sai ka yi haƙuri. Allah ya jiƙanka, ya sanyaya makwancinka, ya rufa maka asiri a can fiye da yadda na rufa maka a nan.