Baba Mai Usur, Kai Ka Sauko da Ni

Mu na Allah ne, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan jiya, ina kan tsani da rodi a kafaɗa aka ce mini Baba Mai Usur ya rasu bayan gajeriyar jinya. Har yau ban san yadda na sauko ba.

Baba, kai ne mai kula da lafiyarmu a wurin gini, mu kuwa mun ɗauke ka mai hana ruwa gudu. Ka kafa na'urarka a tsakiyar fili, tana auna zafi da laimar iska. Kullum kana cewa ba rana kaɗai ke kisa ba. Idan iska ta jiƙe ta tsaya cik, gumi ba ya bushewa, sai jiki ya dahu daga ciki. Da zarar na'urar ta hau sai ka busa usur, kowa ya nemi inuwa da ruwa. Foman ya yi ta kumfar baki wai kankare zai sandare, kai kuwa ka ce, "Kankare ana sake kwaɓa shi, Foman. Uban yara fa?"

Mu masu ɗaurin rodi a sama muna da wata wauta da muke kira dabara: ba ma shan ruwa, don kada fitsari ya riƙa sauko da mu ƙasa. Rannan hadari ya haɗu ya ƙi zuba. Ka busa usur kowa ya sauka, ni na yi kunnen uwar shegu, wai saura ɗauri kaɗan. Sai ga ka ka hawo, da furfurarka da ciwon gwiwarka, ka dafa ƙeyata. Fata a bushe, zafi kamar dutsen guga. Ina ta yi maka alfahari wai ni ko gumi ba na yi. Ka ce, "Ɗana, wannan ba ƙarfi ba ne, ruwan jikinka ne ya ƙare."

Daga nan ban san komai ba. An ce kai ka sa aka sauko da ni, ka riƙa kwarara mini ruwa kana yi mini fifita da rigarka har mota ta zo. Likita ya ce da an ƙara jinkiri, da sai dai labari. A lokacin matata tana da tsohon ciki. Yarinyar da ta haifa yanzu ita ke fara rugowa ta tarye ni a ƙofa, kuma wallahi duk sanda na ɗaga ta sai na tuna hannunka. Na gode, Baba.

Ba ka yi mini gori ba. Ka tsaya kai da fata sai da aka kafa mana makewayi a saman benen, ba mu sake ƙin shan ruwa ba.

Ranar jana'izarka ma iska tsayawa ta yi. Mu muka roƙi a bar mana haƙar kabarinka. Muna tsaka da haƙa, sai Foman, wanda ya fi kowa faɗa da kai, ya dafa ƙeyata ya ce, "Ku fito ku sha ruwa, Baba ba zai yarda ba." Muka fito muka sha muna kuka.

Allah Ya jiƙan ka, Ya gafarta maka, Ya sanyaya makwancinka. Inna matarka da 'ya'yanku, Allah Ya ba su haƙurin rashi. Baba, ka shayar da mu a rana, Allah Ya shayar da kai a inuwarSa.