Ranar da Na Sirka Ruwan Nilu

Shekara arba'in da ɗoriya ina zaune a unguwar Alsahafa ta Khartum, amma kogin Nilu ta tagar mota kawai na san shi. In za ni Kasuwar Umdurman sarin gyaɗa, muna hawa gada nake damƙe ƙarfen kujera har mu sauka. Ban ga abin da zai kai mace mai hankali bakin ruwa ba.

Autana ya auro Balarabiya 'yar Umdurman, wadda uwarta ta rasu tun tana budurwa. Da ta haihu, kafin yaƙin nan, ni na yi mata jego irin namu: wankan ganye safe da yamma, kunun kanwa, ruwan sanyi kuwa ko cokali ban yarda ba. Ana gobe arba'in, ɗana ya zo ya durƙusa.

"Inna, a wajensu ranar arba'in kogi ake zuwa. Babbar mace ta wanke wa mai jego da jariri fuska."

"Yawon arba'in gidan dangi ake yi. Kogi kawunta ne?"

"Ba ta da mai yi mata ne, Inna. Kwana biyu ke nan abinci ma tsakura take."

"Ku je. Ni ban tsare yaron nan daga sanyi kwana arba'in don in tsoma shi a kogi ba."

Da safe kuma na riga su shiga mota, don tafiya irin wannan tana son mai sa ido. Na ɗauki filas cike da ruwan zafi na shayi, da ɗan kwano.

Ɗana ya ce tunda na fito, sai na ga gari. Ya nuna mini wata ƙubba mai ƙyalli kamar azurfa, sannan tsohuwar ganuwar laka ta bakin ruwa mai ramukan bindiga. Na sauka na ƙwanƙwasa ta. Na ce masa maginin nan ba rago ba ne, ba kamar wanda ya yi mana katangar da damina ɗaya ta kayar ba. A Mugran, inda koguna biyu suke haɗuwa, na ga ruwa fari da ruwa mai duhu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, kamar kunun da ba a gama damawa ba. Ya burge ni, amma ban faɗa ba.

Tsibirin Tuti akwai gada, sai ɗana ya ce kwale-kwale ya fi daɗi. Na ce wa wa? Na shiga dai, idona ɗaya a kan jariri, ɗaya a kan matuƙi. Can kuwa gonaki ne shar, lemun tsami da kuɓewa da albasa, ga jaki yana kiwo abinsa. Ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya tuna mini ƙauyenmu na wajen Gadarif, ga kuma dogayen benayen Khartum a tsallake.

Da muka kai bakin yashi, surukata ta tsaya da yaro a hannu, gefen mayafinta yana jiƙewa. Kusa da mu wata tsohuwa tana wanke wa 'yarta fuska, suna ta dariya. Surukata ta zuba musu ido. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma waiwayo ni ba, wannan ne ya fi damuna.

Na sa yatsa a ruwan, sai na ji kamar na randa. Na ɗebo rabin kwano, na buɗe filas na tsiyaya, na gwada da bayan hannu.

"Hajja, ba haka ake yi ba," in ji ta a hankali.

"Yau an yi. Miƙo fuskarki."

Na yi bisimilla na wanke mata sau uku, na shafa wa yaron. Ko motsi bai yi ba. Ɗana yana ta ƙyaƙyatawa.

"Inna, Nilun kika sirka?"

"Kai ma haka na yi maka, ga ka nan da bakinka."

Ya fito da dabino wai a jefa wa kogi, shi ma al'adar su surukata ce. Na karɓe na ba mai kwale-kwale sadaka, don ban taɓa jin kogi ya yi kukan yunwa ba.

A ƙarƙashin wata bishiyar lemo muka zauna, aka kawo soyayyen kifi. Surukata ta cinye nata tas, ta dubi nawa.

"Yumma, ba za ki ci wannan ba?"

Haka suke kiran uwa, kuma ba ta taɓa kirana da shi ba. Na tura mata farantin, na ce ta kula da ƙaya.

Ranar arba'in ɗin haihuwarta ta biyu, ita da kanta ta cika filas ɗin tun kafin in idar da sallar asuba.