Akushin da Baba Ya Baƙanta

Jiya maƙwabciyata ta manta dutsen guga a kan katako, ƙaurin ya shigo mini ta taga, sai ga ni tsaye a tsakar ɗaki, ban san lokacin da na miƙe ba. Ka yi haƙuri da tsohuwa. Ƙaurin itace bai taɓa barina na zauna ba.

A wani ɗaki na ƙarƙashin bene na tashi, a gangaren unguwar Ladeira da Praça, a wannan gari na Turawan Fotugal da ke ƙetaren teku. Inna Bayarbiya ce, 'yantacciya, mai tuyar ƙosai. Baba kuwa Bahaushe ne, kuma bawa, irin waɗanda ubangida ke bari su kwana a waje su yi sana'a muddin aikinsu na gamsar da shi. Wanda bai gamsar ba, gonakin rake na ƙetaren ruwa suna jiransa, kuma ban taɓa ganin wanda ya je ya dawo ba. A waɗancan shekarun an sa wa Hausawa ido, ana ta raɗe-raɗin tawaye, laifi kaɗan ya isa.

Baba masassaƙi ne tun a gida ƙasar Hausa, da gizago ya tashi. A nan ya koyi torno, abin da ake takawa da ƙafa, igiya na juya itace, mutum na ɗora masa ƙarfe mai kaifi. Ba ya iya zama shiru. Ko torno ya tsaya, ƙafarsa na nan tana taka ƙasa. Inna kan ce, "Maigida, ita ma ƙasar so kake ka juya ta?"

Wata damina, lokacin da komai ke warin danshi, ubangidansa ya aiko da guntun itace, bakinsa biyu a toshe da kakin zuma don kada ya tsage. Perera suke ce masa. Bishiya ce ta gidan iyayen uwargida a can Fotugal, iska ta kayar, aka aiko mata wannan guntu, ita kuma ta ce a yi mata kwano. Baba ya jingine shi don ya saba da iskar garin, kullum sai ya je ya ƙwanƙwasa ya saurara. Ran da ya ɗora shi a torno, ni dai ban taɓa ganin itace irinsa ba. Ba sartse, ba gargada, ɓawon na fita dogo-dogo yana nannaɗewa, launinsa ja-ja kamar cikin gwaiba. Na kwasa na yi awarwaro.

"Wannan itace ba ya musu," in ji Baba.

Kwanon ya fito sumul. Ya juya shi a hannu, ya ce saura gamawa. Ka san a ƙasarsu ba a kai wa babba farin akushi. Sai an sa ƙarfe a wuta an bi shi ciki da waje ya yi baƙi ƙirin, a zana masa ado a baki, a shafe shi da mai. Haka ya yi, yana ɗan waƙe-waƙensa, hayaƙi ya cika ɗakin. Ban taɓa ganinsa da farin ciki irin na ranar ba.

Inna ta dawo da la'asar, ta gani, ta dafe ƙirji. Ta taɓa aiki a gidajen Turawa, ta san abin da bai sani ba.

"Wa ya ce ka baƙanta? Launin take so ta riƙa gani, launin gidansu!"

"Haba," ya ce. "In kai mata ɗanye? Ai raini ne."

Washegari ya sa wankakkiyar rigarsa, ya naɗe akushin a farin ƙyalle, na bi shi har ƙofar gidan. Daga waje na ji kukan uwargida. Kuka ne na gaske, irin na wanda aka yi wa mutuwa. Sai muryar ubangida ta biyo baya, yana cewa da gangan ne, duk halin Hausawa ke nan. Na jira har rana ta yi sanyi, Baba bai fito ba.

Bayan 'yan kwanaki Inna ta ja hannuna da gudu muka gangara bakin ruwa a Água de Meninos. Baba na cikin kwale-kwalen masu rake, hannu a ɗaure. Ya ɗaga murya da Hausa, ni yake wa, don ni ce mai jin Hausa da Fotugis duka.

"'Yata, ki gaya musu ban ɓata ba. Gamawa na yi!"

Na tsani uwargidan nan shekara da shekaru. Da na girma na gane ita ma gida aka ƙona mata, amma wannan bai sanyaya mini zuciya ba, don ita kwano ta rasa.

Yanzu gari ya canza. Jikokina Yarabanci da Fotugis suke yi, in na yi Hausa sai su ɗauka sambatu nake. Ubangida da uwargida sun daɗe a ƙasa, kuma ba a taɓa barina na tsallake ƙofarsu ba. Saƙon yana nan a bakina, shi ya sa na tsare ka, tunda kai kana jin Hausa. Baba bai ɓata akushin nan ba. Gamawa ya yi.