Luguden Iya Albarka a Kan Dutse

Iya Albarka ta Limawa gajeriya ce, haƙurinta ma gajere ne, amma wajen lugude duk garin Dutse babu ta biyunta. Mata uku a turmi ɗaya, taɓarya na bin taɓarya, ita ke ba da waƙa. Sai ta cilla tata sama, ta tafa hannu, ta cafe, bugu bai kuskure ba. Mijinta Malam Falalu, mai makarantar allo, yakan yi gyaran murya daga zaure don ta sassauta. Ita kuwa kamar zuga ta yake yi.

A shekarun da Nasara suka fara ɗibar maza aikin hanya, sanƙarau ya ratsa gari. Ya kwantar da ita, Allah ya tashe ta, amma ji ya tafi. Lugude kuwa ba ya ɗaukar kurma, don wadda ta kuskure bugu yatsun 'yar'uwarta take saukar wa taɓarya. Ta gwada a tsakar gida, kan rairayi, ta fasa wa maƙwabciyarta Zuwaira babban yatsa. Daga ranar, ta doshi turmi sai a nuna mata tabarma.

Wannan hutun ne ya so ya kashe ta. Tuwo ya koma yadda aka kawo shi, zane ya daina zama a ƙugu. Malam ya yi rubutu, ta sha, shiru. Abin da ya fi tayar masa da hankali, matar nan ta daina faɗa.

Matan unguwa, don tausayi wai, suka riƙa sace jiki da turmi su hau falalen dutsen bayan gari, kada ta gani ranta ya ɓaci. Wauta ce, amma wautar da ta yi rana. Wata hantsi Iya ta hau dutsen shanya dabino, ƙafa ba takalmi, sai ta tsaya cak. Dutsen na bugawa a tafin ƙafarta, dim, dim, dim, har ƙirji. Ta bi shi ta zagaya, ta kama su dumu-dumu suna dakan suna.

"Munafukai!" in ji ta da ƙarfi, don ba ta jin kanta. "Ke Bilki, bugunki na makara. Tun daga can na ji shi a ƙafa. Ba ni taɓaryar nan."

Bilki, ƙaramarsu, ta miƙa taɓarya. Kowa ya dubi Zuwaira, wadda har yanzu tsumma ke yatsanta.

"To, Iya," Zuwaira ta ce tana dariya, "saura yatsu tara, bismillah."

Iya ta kafa dugadugai, ta runtse ido, ta jira dutse ya faɗa mata. Ta shiga daidai. Ta cilla, ta tafa, ta cafe. Guɗa ta tashi, ba ta ji ba, amma ta ga bakuna a buɗe, hawaye ya zubo mata.

Jinta bai dawo ba har ta tsufa, amma ƙiba ta dawo, masifa ma ta dawo, matan Limawa suka yi ta hawa da turmi suna mita. Ranar dai, da daka ya yi daɗi, ta ɗauko waƙa. Muryar ta karkace, ta bar hanya gaba ɗaya. Babu wadda ta gyara mata. Suka karkata tasu suka bi ta.